Haruna Ya Tsaya a Hoto

Kai Mazin, ajiye wayar nan ka dube ni. Ɗazu ina alwala na jiyo ka kana gaya wa Rawan wai aikin tanfiz, wato zartar da hukunci, yanzu ba aiki ba ne, danne-danne ne: a ɗora takardar sulhu a waya, alƙali ya ba da umarni, kuɗi su faɗo. Ma sha Allah! Kai da ko takalmi ɗaya ba ka kashe a aikin nan ba. Tun ba a haife ku ba nake bin takardun mutane a garin Makka, kuma mafi yawan shekarun nan a kan abu guda na ƙarar da su: mutum ya nakasa, ya yi shari'a da kamfanin inshora, an yi sulhu, sannan kamfani ya noƙe. Ku gyara zama. Da Hausa zan yi maganar, wanda bai gane ba ya je ya tambayi kakarsa.

Ni ba lauya ba ne, kun sani. Ustaz ne lauya, shi ke tsayawa gaban alƙali. Ni mu'akkib ne, mai bin takarda daga wannan taga zuwa waccan har ta kai inda za ta. A hannun Baba Bukar na koya, wani tsoho mazaunin unguwar Misfala, wanda iyayensa suka zo ta Chadi da Sudan a ƙafa. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: koren fayil mai maƙali, wanda a wancan zamanin in ba ka zo da shi ba ko kallonka ma'aikaci ba zai yi ba, da biro biyu don ɗaya kan mutu a tsakiyar aiki, da lema, da gorar ruwa. Na daɗe ina riƙe masa lema kafin ya yarda in buɗe baki gaban ma'aikaci. In aka ce mana "raji'na bukra", wato ku dawo gobe, ni sai raina ya ɓaci. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "To goben, wa zan nema? Sunanka fa, Allah ya ƙara maka girma?" Ba ya barin taga sai ya san sunan mutum.

Kuma bai taɓa karɓar aikin mutum bai je gidansa ba. Ko a kan dutse gidan yake sai ya hau yana haki. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala. Ya ce, "Sale, takarda ba ta jin yunwa. Je ka ga mai takardar, sannan za ka san irin gudun da za ka yi." Har yau ban daina ba, ko da yake gwiwata ta fara gardama. Yanzu koren fayil ya mutu, waya ta gaje shi, amma ku leƙa bayan motata za ku ga wani faffaɗan katako. Kun yi ta tambaya ko kafinta na koma. Katakon na ɗora keken guragu ne a kan matakala, don rabin mutanena ba sa shiga ofis sai da shi.

Ku da kuke ganin ranar sulhu ce ƙarshen magana, ban ga laifinku ba, masu ciwon ma haka suke gani. Ran nan kowa dariya yake. Wakilin kamfani ya miƙo hannu, a sha shayi, a ce alhamdu lillahi, mai ciwo ya koma gida ya yi barci. To tsugune ba ta ƙare ba. Sulhun mota sau ɗaya ake biya a rabu. Sulhun nakasa kuwa wata-wata ne, har iya ran mutum, kuma kowane wata da dalilin da za a iya kawowa a tsayar. Yau a ce rahoton likita na shekara bai iso ba. Gobe a ce katin shaidarsa ya ƙare, banki ya rufe asusu. Jibi a ce wanda ke riƙe da fayil ɗin ya bar aiki. Ba duka ne mugunta ba, wani sakaci ne kawai, amma tukunyar mai ciwo ba ta san bambanci ba. Ga mutanenmu da kunya. Balarabe in kuɗinsa ya yi jinkirin kwana biyu, ofis ɗin nan sai ya ɗauka. Bahaushe kuwa sai ya ce kada a ga kamar bai gode ba, ya yi ta haƙuri har sai ya sayar da firij, sannan ya zo yana ba ka haƙurin ya dame ka.

Aikin nakasa na farko da na riƙe a maktab ɗin nan, wato ofishinmu, na wata baiwar Allah ne, mai aikin wanki a wani otal, injin guga ya murƙushe mata hannun dama. Ta zo mini da takardar sulhu a naɗe cikin ɗankwali, tana ta kare kamfanin, wai mantawa suka yi da ita. Na buɗe sai na ga takardar kamfani ce zalla, da sa hannunsu da dangwalen yatsanta na hagu. Ba hatimin lajna, wato kwamitin da ke sasanta rigimar inshora, ba na kotu. Irin wannan alƙalin tanfiz ba ya aiki da ita, don shi abin da aka riga aka tabbatar yake zartarwa. Sai da muka koma baya, muka nemo waɗanda suka halarci zaman, aka tabbatar da sulhun, sannan muka shiga tanfiz. Ta sami haƙƙinta, amma awarwaronta sun riga sun tafi kasuwa. Shi ya sa in aka kawo mini sulhu kuke ganin ƙasan takarda nake fara dubawa kafin samanta.

Shekarar annoba kuwa, Allah kada ya maimaita mana. Ku kuna gida kuna murnar ba makaranta. Ni na ga Misfala da rana tsaka ba alhaji ko ɗaya, kantuna a garƙame, sai maguna ke yawo. Ofisoshi suka rufe, komai ya koma waya, ni kuma ban iya ba. 'Yata ce ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya tana nuna mini inda zan taɓa. Asibitoci ba sa karɓar mai neman rahoto, kamfanoni kuma suka ce ba rahoto ba biya, sai ga mutanena sun tsaya cak a lokaci guda, kowa ni yake kira. A shekarar na sayar da tsohuwar motata na ci. Amma mun rubuta, mun kai kuka, aka ɗaga musu wa'adin rahoton, ɗaya bayan ɗaya kuɗinsu suka dawo. Ba wanda aka kora daga gida a cikin mutanena, wannan kaɗai ya ishe ni godiya.

Amma wanda ya fi ba ni wuya a sana'ar nan ba kamfani ba ne. Nawa ne, Bahaushe ɗan'uwana, Haruna direba.

Haruna haifaffen nan unguwar Zahir ne. Bas yake ja ta ɗaukar alhazai tsakanin Makka da Madina, har ranar da taya ta fashe masa motar ta kife. Alhazan Allah ya tsare su, shi kuwa ƙashin bayansa ya taɓu. Ƙafafun ba su mutu gaba ɗaya ba. In an ɗaura masa ƙarfe a baya, ya dafa sanduna biyu, yakan miƙe na ɗan lokaci, sauran yinin yana keke. Kamfanin da yake wa aiki ya yi wa direbobinsa inshorar nakasa. Aka ja, aka ja, Ustaz ya kai su ga sulhu mai kyau, da hatimi da komai: za a riƙa biyansa duk wata, a kuma ɗauki nauyin gashin ƙashin da ake masa a asibiti, muddin nakasar tana nan kuma bai kama wani aikin albashi ba. Da wannan yake biyan hayar gidan ƙasa inda kekensa ke shiga ba sai an ɗauke shi ba, da shi yake ciyar da matarsa Zainab da 'ya'yansu mata. Shekaru ana biya lafiya lau, har na fara mantawa da shi.

Wata safiya bayan an watse daga aikin Hajji sai ga Zainab a maktab, ko zama ba ta yi ba. Ammi suke kirana, wato Baffa da Larabci.

"Ammi Sale, sun tsayar. Wai Baban Maryam yana aiki."

"Aikin me? Da wace ƙafar?"

Ta miƙo mini waya. Wallahi sai da na cire tabarau na goge na mayar. Haruna ne tsaye ƙyam cikin farar riga, a ƙofar wani masauki a Misfala, alhazai sun kewaye shi da kayansu iri ɗaya, hannunsa riƙe da doguwar sanda mai tuta, irin wadda jagoran ayari ke ɗagawa don kada mutanensa su ɓace. Ba keke, ba sanduna. A ƙasan hoton wani ya rubuta: jagoranmu a ƙasa mai tsarki, Allah ya saka masa.

Ban jira Ustaz ba, na bi ta gidan. Na same shi a kekensa yana kallon bango.

"Haruna, warkewa ka yi ba ka gaya mana mu zo barka ba?"

"Ammi Sale, zauna mana."

"Ba zan zauna ba. Wane ne wannan?"

Ashe ga yadda aka yi. Mahaifiyarsa, Hajiya Kulu, tun rasuwar mahaifinsa ta koma Zariya cikin danginta. Tsohuwa ce mai hawan jini, shi ne kuma autanta. Ranar da ya farfaɗo a asibiti, abin da ya fara cewa shi ne kada a gaya wa Hajiya. Haka aka yi ta tafiya. In suna waya, fuskarsa kaɗai yake nuna mata. Duk shekara alhazan unguwarsu kan zo masa da saƙonta, kuka da daddawa da kilishi, su koma mata da hotonsa, kuma kowannensu sai Haruna ya haɗa shi da Allah ya kama bakinsa. Kullum hoton a zaune yake, ko cikin mota ko gaban faranti. To a wannan shekarar tsohuwa ta aiko cewa ita ta gaji da ganin rabin ɗanta, a ɗauko mata shi a tsaye ta ga ko ya yi ƙiba. Sai aka kai shi Misfala, aka tura keken bayan ƙofa, alhazai biyu suka sa hannu ta bayan rigarsa suka tallafe shi. Wani ya ce sandunan nan za su tona asiri, ya karɓi sandar tuta a hannun jagoransu ya ba shi ya dogara. Ana gama ɗauka suka mayar da shi keke yana gumi. Wani cikin ayarin, don neman lada, ya sa hoton a intanet.

Na ce, "Sun biya ka wani abu?"

"Kuka da daddawa."

"To kuka da daddawa ba albashi ba ne. Amma Haruna, duk sandunan da ke garin Makka ba ka ga ta dogarawa ba sai ta jagora?"

Ya mayar da fuskarsa bango. Ni ma na ga ba lokacin zolaya ba ne, na zauna.

Muka shiga tanfiz, Mazin, da wannan danne-dannen naka, kuma gaskiyarka, umarnin biya ya fito da wuri. Sai kamfani ya shigar da ƙorafi, ya ce sharaɗin sulhu ya karye, ga hoto. Aka dakatar da biya sai an duba. Na kwashi Haruna zuwa wurin likitoci, suka sake aunawa, suka rubuta cewa yadda yake jiya haka yake yau. Na ce shi ke nan. Ina! Lauyan kamfani ya ce su ba su ce ya warke ba, cewa suka yi yana aiki, kuma jagoran alhazai da baki yake aikinsa, ko a keke zai iya. Lauyan nan ya iya aikinsa, ba zan ci zalinsa ba.

Ustaz ya ce a nemo alhazan nan biyu da suka riƙe shi su ba da shaida, ko daga can ne. Haruna ya ce atafau. Ɗaya maƙwabcin Hajiya ne, katanga ɗaya, ɗayan kuma a shagonsa ake saya mata magani. In aka ga sun tafi neman hatimi a kan maganar ɗan Hajiya Kulu, kafin la'asar labari ya shiga ɗakinta.

Ana cikin haka wata ya bi wata. Asibiti suka daina gashi, ƙafafun suka fara sandarewa, Zainab na dafa ruwa tana gasa masa da tawul. Mai gidan haya mutumin kirki ne, amma gaisuwarsa ta fara tsawo. Inda za su koma in an tashe su ɗakin yayan Zainab ne, hawa na huɗu, ba lif. Mai keke in ya hau nan, ya hau ke nan. Ba asibiti, ba masallaci, sai kallon titi ta taga.

Ranar zama alƙali ya dubi hoton ya ce wannan ba ya tabbatar da albashi, ina sauran hujja? Ba su da ita. Sai lauyan kamfani ya ce to suna neman Haruna ya rantse. Kun karanta wannan a jami'a: mai da'awa shi ke kawo hujja, in ya rasa, wanda ya musa ya rantse. Alƙali ya sa rana. Muna fitowa Ustaz ya dafa kafaɗata ya ce, "Khalas, ya Ammi, mun gama." Ni ma har na fara tunanin abincin rana. Ina tura keken Haruna zuwa mota sai na ji ya ce, ƙasa-ƙasa:

"Ni fa ba zan rantse ba."

Na ja birki. "Me ka ce?"

"Ba zan rantse ba, Ammi Sale."

"Ka yi aikin ne?"

"Allah ya sani ban yi ba."

"To Allah ya sani, alƙali ne bai sani ba. Shi za ka gaya wa!"

Ku 'ya'yan yanzu ba za ku gane wannan ba, ku da kuke wallahi tallahi a kan ƙwallo. Mutanenmu na da suna gudun rantsuwar gaban alƙali kamar wuta, ko da gaskiyarsu. Cewa suke duk wanda ya rantse a kan dukiya ba ya gamawa lafiya. Mahaifin Haruna na san shi, mai sayar da tasbaha da darduma ne a Misfala. An taɓa cinye masa kaya, aka ce ya rantse ya karɓa, ya kaɗe rigarsa ya bar musu. Yana ciwon ajali ya kama hannun Haruna ya sa shi alkawari: kada ya kuskura ya rantse a kan abin duniya, balle a cikin Harami. Garin nan kuwa duk inda ka juya Harami ne.

Na yi masa bayani da Hausa, na yi da Larabci. Wanda aka nemi rantsuwarsa ya ƙi, shari'a na ɗauka maganar abokin ƙararsa ce gaskiya. Ba kuɗin wata ɗaya zai rasa ba, sulhun ne gaba ɗaya zai rushe. Ya ce to Ustaz ya rantse masa mana, ba ya ba shi wakala ba? Na ce, "Da wakala Ustaz zai yi magana da bakinka, amma rantsuwa kamar sallah ce, ba a yi wa mutum." Na ɗauko masa limamin masallacinsu, ya zauna ya karanta masa, ya ce rantsuwa a kan gaskiya halal ce, barin iyali cikin wahala shi ne abin tsoro. Haruna ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce, "Na san halal ce, Malam. Alkawari na ɗauka, kuma wanda na ɗaukar wa ba ya nan balle ya warware mini."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Shekara da shekaru ina kokawa da kamfanoni, yau ga nasara ta zo har ƙofa, mai ita ya sa sakata. Sai da na ji kamar in ɗauki waya in kira Zariya da kaina. Amma asirin gidan mutum ba ya cikin aikin da ya ba ni, kuma mu'akkib ɗin da ya fara kai labarin gidajen mutane ya gama sana'a.

Ana gobe zama na koma gidan bayan la'asar in gwada na ƙarshe. Na yi magana har shayina ya huce. Zainab na tsaye a bakin ƙofar kicin, da ta ga na miƙe ina neman takalmina sai ta matso.

"Baban Maryam," ta ce, "ka ce wanda ka yi wa alkawari ba ya nan. Matarsa tana nan. Ita ta zauna da shi, ita ta san abin da yake nufi. Tambaye ta."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Hajiya fa! Da jininta?"

"Na sani. Tun ranar asibiti nake rufa maka asiri, ban taɓa cewa na gaji ba. Amma ni ba zan iya ɗaukarka zuwa hawa na huɗu ba. Wallahi ba zan iya ba."

Ta danna lambar Hajiya a wayarta, ta jingina ta da flas ɗin shayi a kan tebur, can nesa da shi, inda keken zai fito duka. Waya na ƙara, tana ƙara. Da ya ce ta kashe, na san da ta kashe. Bai hana ta ba. Na ce a raina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wata jika ce ta ɗauka ta kai wa tsohuwa. Fuskar Hajiya Kulu ta cika wayar, tana gyara mayafi.

"Auta? Yau da rana haka? Lafiya dai ko..."

Ta matso da idonta.

"Mene ne wannan kake kai?"

"Keke ne, Hajiya."

"Na wa?"

"Nawa ne."

Inna lillahi ta yi ta maimaitawa, ni kuwa ina cewa a raina yau mun kashe tsohuwar mutane. Haruna ya ba ta labari tun daga tayar da ta fashe, yana yi yana share fuska da hannun riga. Ba ta katse shi ba. Da ya zo kan hoton sai ta ce wa jikar ta ciro mata shi daga bango, ashe har gilashi ta sa masa. Ta dube shi, ta dube shi, ta kife shi a kan cinyarta.

"Ina Zainabu?"

Zainab ta matso ta durƙusa.

"Ke kaɗai kike ɗawainiya da shi duk shekarun nan?"

"Da taimakon Allah, Hajiya."

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki masu yi miki. Matsa in ga wancan."

Haruna ya ce, "Hajiya, gobe ake so in rantse gaban alƙali cewa ban yi aiki ba. Kin kuma san alkawarin da na yi wa Baba."

"Na sani, ina wurin. Ya hana ka rantsuwa. Ƙarya fa, ya halatta maka ita? Ka miƙe tsaye a garin Allah, ƙarti biyu na riƙe da kai, ka yi wa uwarka ƙarya, ba ka ji tsoron Harami ba. Sai yau da aka ce ka zauna ka faɗi gaskiya tsoro ya zo maka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ubanka rantsuwar kasuwa yake gudu, a kan tasbaha da darduma. Bai ce ka bar 'yar mutane da jikokinsa a titi ba. Gobe ka je ka rantse. Alkawarin na ɗauke maka. In da laifi, ni zan riga ka zuwa wurinsa, ni zan yi masa bayani."

Ban san lokacin da na koma na zauna ba. Ajiyar zuciyar da na yi har tsohuwa ta ji, ta tambaya wane ne. Aka ce Ammi Sale ne mai bin takardu. Ta ce, "Da kai aka haɗa baki aka rufe ni?" Na ce, "Hajiya, ni ɗan aike ne." Ta ce, "Haka kowa ke cewa."

Washegari na tura shi har gaban alƙali. Alƙali ya yi masa wa'azi a kan girman rantsuwa, kamar yadda ake yi, sannan ya karanta masa lafazin. Haruna ya maimaita, ya rantse da Allah bai yi wa kowa aikin albashi ba tun ranar sulhu. Bai haɗiye kalma ko ɗaya ba. Lauyan kamfani ya tattara takardunsa, kuma da za mu fita shi ya riƙe mana ƙofa keken ya wuce. Aka kori ƙorafinsu, aka ɗage dakatarwa.

Ko a nan ban ce na gama ba. Sai da na bi umarnin ya isa kamfani, na samo sunan wanda zai biya, na yi ta kiransa har ya haddace muryata. Na je asibiti na mayar da sunan Haruna layin gashi. Na biya wurin mai gidan haya na gaya masa ya kwantar da hankalinsa. Ranar da saƙon banki ya shigo, har da na watannin baya, Zainab ta kira ni ba ta iya cewa komai ba sai alhamdu lillahi. Na ce mata ta bari na wata mai zuwa ya shigo a kan lokaci tukuna, sannan mu yi murna. Ya shigo. Ranar na yi barcin rana irin wanda na daɗe ban yi ba.

Ba a jima ba sai ga Hajiya Kulu ta zo Umara, da hawan jininta da komai, jikar nan na riƙe da ita. Ni na ɗauko su daga masauki, don Haruna ya ce ba zai iya haɗa ido da ita shi kaɗai ba. Muna shiga na ga ya sa Zainab ta ɗaura masa ƙarfen baya, ya kama sandunansa, yana ƙoƙarin miƙewa ya gaishe ta.

"Zauna," ta ce. "Na ga tsayuwarka, ta ishe ni."

Ya koma keke. Tsohuwa ta jingina sandarta da bango, ta zauna dirshan a ƙasa gabansa, ta ɗago ƙafafun nan ta ɗora a cinyarta, tana taɓa su tun daga gwiwa har yatsu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce wa Zainab ta ɗumama mata man shanun da ke cikin jakarta.

Na ja musu ƙofa, na tafi masallaci.